Maganin da ke Ɓoye a Cikin Ganye: Bayani ga Masu Juna Biyu da Iyalansu

Sau da yawa a ɗakin awon ciki, idan aka tambayi mace ko tana shan wani magani a gida, sai ta ce a'a. In aka ƙara tambayar ta ko tana shan jiƙo ko tsimi ko maganin zaƙi, sai ta yi murmushi ta ce, "Ai wannan ganye ne kawai." Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da ya fito daga ganye ko saiwa ko sassaƙe, in bai yi amfani ba, to ba zai cutar ba.

Binciken masana ya nuna cewa ganye ba shi kaɗai yake zaune ba. A cikin kusan kowane tsiro da aka bincika, an tarar da wasu ƙananan halittu dangin funfuna, kuma wasunsu suna haɗa sinadarai masu ƙarfin gaske. Daga wannan dangi ne aka samo ɗaya daga cikin alluran da ake tsayar da jini da su bayan haihuwa. A wannan fitowa za mu bayyana yadda ake neman magani a jikin waɗannan halittu, da abin da hakan ke koya wa mai juna biyu da maigidanta da iyayenta.

Wace ce wannan funfuna?

Kowa ya san funfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Danginta suna da yawa. Akwai yis da ake kwaɓa fanke da shi, da laimar kwaɗi da ke tsirowa da damina, har da ƙwayoyin da ke kawo makero da ƙyasfi a fata. Akwai kuma wani rukuni da ke rayuwa a cikin tsiro mai rai, a cikin ganye da reshe da saiwa da iri. Masana suna kiran su endofayit, wato mazauna cikin tsiro. Ido ba ya ganin su, wanki ba ya fitar da su, kuma tsiron yana nan kore shar babu alamar ciwo.

Zamansu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Tsiro yana ba funfuna masauki da abinci. Ita kuma sau da yawa tana haɗa sinadarai masu ɗaci ko dafi, waɗanda ke korar ƙwari da tsutsotsi da dabbobin da za su ci tsiron. To, abin da ke iya kashe tsutsa ko ya hana ƙwayar cuta yaɗuwa, yana iya zama magani ga ɗan'adam idan an tace shi an auna shi. Yana kuma iya zama guba.

Samun magani daga funfuna ba sabon abu ba ne. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a shekarar 1928, daga funfuna ya fito, kuma har yau ana ba masu ciki danginsa idan likita ya ga da buƙata. Sabon abu shi ne leƙawa cikin itatuwa da ganyayen da mutane suka daɗe suna magani da su, don a ga ko wani ɓangare na ƙarfinsu daga waɗannan baƙin ɓoye yake fitowa.

Yadda ake neman magani a cikinta

Ana wannan aiki a jami'o'in ƙasashe da dama. A Nijeriya, masu bincike a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, tare da takwarorinsu na Jamus, sun ciro irin wannan funfuna daga itatuwan da muka sani, kamar gwanda, suka bincika sinadaran da take haɗawa. Ga matakan da ake bi:

1. Ana tsinko lafiyayyen ganye ko reshe, a wanke shi, a tsoma shi cikin sifirit da ruwan bilic don a kashe duk ƙwayoyin da ke bayansa. Ta haka za a tabbata cewa abin da ya tsiro daga baya, daga cikin ganyen ya fito.

2. Ana yayyanka shi ƙanana, a jera a ɗan faranti mai murfi, a kan wani daskararren abinci da aka haɗa da ruwan dankalin Turawa da sukari. Bayan 'yan kwanaki sai a ga zare-zare kamar auduga suna fitowa daga bakin yankan.

3. Ana ware kowane iri a farantinsa, a gane shi ta hanyar madubin likita da gwajin ƙwayoyin gado. Ganye guda yana iya ba da iri da yawa.

4. Ana renon kowane iri a cikin ruwan abinci ko dafaffiyar shinkafa na wasu makonni, sannan a tatso sinadaran da ya haɗa.

5. Ana rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowanne a kan ƙwayoyin cuta, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ko ƙwayoyin sankara da aka rena a ɗakin gwaji.

6. Wanda ya nuna alamar amfani, sai a gwada shi a kan dabbobi, sannan a kan mutanen da suka amince, mataki-mataki, kafin hukuma irin NAFDAC ta ba da izinin sayar da shi.

Wannan tafiya takan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma mafi yawan sinadaran da aka fara da su a hanya suke tsayawa, ko don ba su da ƙarfi a jikin mutum, ko don illarsu ta fi amfaninsu. Saboda haka idan kuka ji a rediyo cewa an gano sinadarin da ke kashe ƙwayar cuta a cikin wani ganye, ku sani cewa galibi maganar mataki na biyar ake yi. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti bai zama maganin da mai ciki za ta sha ba tukuna.

Labarin maganin sankara

Abin da ya ja hankalin duniya ga wannan bincike ya faru ne a Amurka. Akwai wani magani mai suna Taxol da ake yi wa masu sankarar mama da ta ƙwan mace. Da farko daga ɓawon wata bishiya mai suna yiw ake samun sa. Bishiyar ba ta girma da sauri, kuma sai an sassaƙe da yawa kafin a sami abin da zai ishi majiyyaciya ɗaya. A shekarar 1993, masu bincike uku a Jami'ar Jihar Montana, wato Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle, suka ba da rahoton cewa sun ciro wata funfuna daga cikin ɓawon bishiyar, kuma ita ma tana haɗa wannan magani.

An yi murna ƙwarai, domin ana ganin za a riƙa noman funfunar a cikin tankuna a bar bishiyoyi su huta. Amma abin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba a kowace lita. An kuma lura cewa irin waɗannan halittu sukan daina haɗa sinadari idan aka daɗe da raba su da tsironsu. A shekarar 2013 wasu masana a Jamus suka sake bincike, ba su sami shaidar cewa funfunar tana iya haɗa maganin da kanta ba. Har yanzu daga ganyen bishiyar da ƙwayoyin halittarta da ake reno a masana'anta ake samar da Taxol. Haka aikin kimiyya yake, wani ya faɗa, wani ya sake aunawa, kafin a yarda.

Garin haihuwa da ya koma garin mutuwa

Labarin da ya fi shafar masu juna biyu ya girmi wannan nesa ba kusa ba. A ƙasashen Turai ana noma wani hatsi dangin alkama da sha'ir da suke kira rai. Wata funfuna mai suna egot tana shiga furensa, sai a ga baƙin tsinke mai kama da ƙaho ya fito a gurbin ƙwaya. Ita egot tana ɓata ƙwayar hatsin da ta kama, amma 'yar uwa ce ta kusa ga wasu da ke zaune lafiya a cikin ciyayi.

Ungozomomin Turai sun daɗe da sanin cewa wannan baƙin tsinke yana tayar da naƙuda. Wani likitan Jamus, Adam Lonicer, ya rubuta haka tun a shekarar 1582. A 1808 wani likita a jihar New York, John Stearns, ya yaba garin egot a matsayin maganin saurin haihuwa, likitoci kuwa suka rungume shi. Ba a daɗe ba sai aka ga yawan jariran da ake haifa babu rai ya ƙaru. A cikin shekarun 1820 wani babban likitan birnin, David Hosack, ya ce abin da ake kira garin haihuwa ya fi dacewa a kira shi garin mutuwa. Ya ba da shawarar a daina ba da shi sai bayan jariri ya fito.

Me ya jawo haka? A naƙuda ta gaskiya, mahaifa tana matsewa ne ta saki, ta matse ta saki. A lokacin da ta saki ne jini ke kai wa jariri iska ta hanyar mabiyiya. Egot kuwa yana sa mahaifa ta matse ta ƙi saki. Jariri sai ya rasa iska. In kuma ya gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, mahaifar tana iya fashewa. Ƙari a kan haka, ƙarfin garin yana bambanta daga gona zuwa gona da daga shekara zuwa shekara, don haka cokali ɗaya na bana ba daidai yake da cokali ɗaya na bara ba.

Sai a shekarar 1935 likitan haihuwa Chassar Moir da masanin sinadarai Harold Dudley, a Landan, suka ware ainihin sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna egometirin. Daga nan aka iya auna shi daidai. Bayan jariri ya fito, matsewar nan mai ƙarfi ita ake nema, domin ita ke toshe jijiyoyin jinin da suka buɗe a inda mabiyiya ta rabu da mahaifa. Allura ɗaya ba ta wuce miligiram 0.2 zuwa 0.5 ba, abin da ko ƙwayar gero ta fi shi nauyi sau da yawa. Mata masu ɗimbin yawa sun tsira daga zubar jini ta dalilinsa.

Duk da haka ba kowace mace ake yi wa shi ba. Yana ɗaga jini, don haka ba a yi wa mai hawan jini, ko mai alamun jijjiga, ko mai ciwon zuciya. Yana sa amai. Zafi da haske suna lalata shi, sai an ajiye shi a firiji. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar oksitosin a gaba wajen rigakafin zubar jini bayan haihuwa, egometirin kuma, a shawarar da ta bayar a shekarar 2018, yana cikin waɗanda ake komawa gare su idan ma'aikacin lafiya ya tabbatar jinin mace bai hau ba.

Daga ciyawar Amurka zuwa duman kada

A shekarar 1977 masu bincike a jihar Jojiya ta Amurka suka gano dalilin da ya sa shanun da ke kiwo a wata ciyawa mai suna fesku suke ramewa. Wata funfuna ce 'yar uwar egot ke zaune a cikin ciyawar, ba tare da ta nuna ko alama ba. Daga baya aka ga illarta ga dawaki. Goɗiyar da ta ci ciyawar a ƙarshen cikinta takan wuce lokacin haihuwa, ta sha wuyar naƙuda, kuma nono ya ƙi zuwa. Ciyawar da babu funfunar a cikinta ba ta yin haka, alhali a ido duk ɗaya suke.

A nan gida ma muna da misali. Duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, yana yaɗo a bakin rafi da kududdufi da gefen hanya, da furensa mai ruwan hoda, kuma yana cikin ganyayen da ake maganin gargajiya da su a Afirka ta Yamma. An daɗe da sanin cewa yana ɗauke da sinadarai dangin egot, har da egometirin kansa. A shekarar 2004 masana a Jami'ar Bon ta Jamus suka fesa masa maganin kashe funfuna, sai sinadaran suka ɓace daga ganyen. Ashe wata funfuna ce da ke manne da ƙananan ganyensa, tana bin irinsa daga uwa zuwa 'ya, take haɗa su. A 2011 aka raɗa mata suna Periglandula. A ƙasar Birazil kuma an tabbatar cewa awaki da tumaki da shanun da suka ci wannan ganye da yawa sukan kamu da karkarwa da tangaɗi.

Abin lura a nan shi ne, ganye biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya suna iya bambanta a ƙarfi, gwargwadon irin funfunar da ke tare da su, da wurin da suka tsiro, da lokacin da aka tsinke su. Mai haɗa jiƙo, komai gwanintarsa da kyakkyawar niyyarsa, ba shi da hanyar ganin wannan bambanci. Wannan ne ya sa za a ji wata ta ce ta sha abu kaza ta sauka lafiya, ƙanwarta kuma ta sha shi ta ƙare a ɗakin tiyata.

Awo shi ne magani

Ko magungunan da aka tace daga funfuna ba duka ne suka dace da mai ciki ba. Girisofulbin, wanda ake sha don makero, daga funfuna ya fito kamar fenisilin, amma ba a ba mai juna biyu shi saboda yana iya cutar da ɗan tayi. Daga egot kuma aka ƙera buromokiriftin, wanda likita kan ba wasu matan da suka kasa samun ciki saboda sinadarin da ke kawo nono ya yi yawa a jininsu. Tushe ɗaya, aiki daban-daban. Abin da ke raba magani da guba shi ne a san ko mene ne, a san yawansa, a san lokacin ba da shi, a kuma san wadda za a ba.

Hatta jinin da mace ke zubarwa bayan haihuwa, auna shi yana ceton rai. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Jami'ar Bayero ta Kano ta shiga ciki. An shimfiɗa wa mata wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, kuma da zarar ya kai iyaka sai a haɗa musu dukkan matakan taimako a lokaci guda. Hakan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A gida babu wannan leda, babu allurar, babu jinin ƙari.

Shawarwari ga uwargida da iyalanta

1. Kada ki sha jiƙo ko gari ko tsimi don tayar da naƙuda ko gaggauta ta. Haɗarin ya fi yawa ga mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da mai tagwaye, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye.

2. Kada ki yarda a yi miki allurar naƙuda ko a ba ki ƙwayar naƙuda a gida ko a kemis. Ita ma tana iya fasa mahaifa in babu mai lura da bugun zuciyar jariri.

3. Ki faɗa wa ma'aikatan lafiya duk abin da kike sha, na asibiti da na gargajiya. In da hali ki zo da shi. Ba don a yi miki faɗa ake tambaya ba, sai don a san abin da za a ba ki da wanda za a kauce wa.

4. Ki fara zuwa awo da wuri. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A tabbata an auna jininki kowane zuwa, domin shi ke nuna allurar da ta dace da ke ranar haihuwa.

5. Kada wani ya ji cewa ana samun magani daga funfuna ya ɗauka abincin da ya yi funfuna ba shi da illa. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna iya ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. A zubar da su. Haka kuma a tsince duk baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri da ba su yi kama da hatsi ba daga gero kafin a kai niƙa, domin gero ma yana da irin tasa egot ɗin.

6. Maigida, ka tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun ciki yana wata bakwai. Ka kuma ba da izini tun yanzu cewa a kai ta asibiti ko ba ka nan.

7. Iyaye da surukai da ungozoma, mun san don ƙauna kuke kawo abin da kuka gada. Babban taimakon da za ku yi mata shi ne ku rako ta asibiti da wuri, ku faɗa mana abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta.

A garzayo asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Zubar jini a kowane lokaci na ciki.

Ciwon mara mai tsanani da ba ya lafawa, musamman bayan shan wani magani.

Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga.

Jariri ya rage motsi ko ya daina.

Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ruwan ya fito kore.

Naƙuda ta wuce awa 12.

Mabiyiya ba ta fito ba bayan rabin awa da haihuwa.

Jinin biƙi yana jiƙa ƙunzugu ko zane cikin ɗan lokaci, ko mai jego tana jin jiri da sanyin jiki.

Binciken funfunar da ke cikin itatuwanmu yana ci gaba, kuma mai yiwuwa ne wata rana a sami sabon magani daga cikin gwanda ko darbejiya. Daga rubutun Lonicer zuwa ranar da aka iya auna egometirin, an ɗauki shekara 353, kuma jarirai da yawa sun rasa rayukansu kafin a fahimci yadda za a yi amfani da shi. Bai kamata a sake gwada wannan darasi a kan cikin kowace mace ba. Duk mai tambaya game da wani magani, ta yi wa ma'aikaciyar jinya ko likita magana a ranar awonta. Muna yi wa kowace mai juna biyu fatan sauka lafiya.